Dogon Turancin Bayoloji da Asalinsa



Duk wanda ya shiga ajin kimiyya ya san babu darasin da ya kai Bayoloji yawan sunaye. Lissafi yana da wuya, amma kalmominsa kaɗan ne. Bayoloji kuwa, kowane shafi ka buɗe sai ka tarar da sunaye goma ko fiye, kowanne tsawonsa kamar igiyar guga, ga shi ba ya kama da Turancin da ake koya mana a ajin Ingilishi. Saboda haka ɗalibai da yawa sukan koma ga hadda irin ta aku. A haddace da dare wajen firef, a juye a takardar jarrabawa da safe, kafin la'asar an manta. Wasu ma da suka shigo makaranta da burin zama likita, ko ungozoma, ko malamin gona, waɗannan sunaye kaɗai suka kore su daga ajin kimiyya. Wannan kuwa hasara ce gare su, da iyayensu, da ƙasa baki ɗaya.

Abin da nake so in nuna shi ne, waɗannan kalmomi shigar burtu kawai suka yi mana. In aka tuɓe musu rigar, ba abin da za a tarar a ciki sai ɓera, da ƙoƙo, da taɓarya, da sarewa, watau kayan gida irin waɗanda kowa ya sani. Na tattaro yawancin misalan nan daga babban ƙamus na Turanci da ke laburarenmu, wanda yake faɗin tushen kowace kalma tare da ma'anarta.

DAGA INA SUKA FITO?

Da farko dai, yawancin waɗannan sunaye ba Turancin Ingilishi ba ne. Kalmomin Ingilishi na asali gajeru ne, kamar "bone", da "blood", da "leaf". Dogayen kuwa aro su aka yi daga harsuna biyu, Girkanci, harshen mutanen Girka na dā, da Latin, harshen Rumawa. Ashe ɗan Bature ma da ke zaune a Landan, sai ya koye su kamar yadda muke koyo.

Dalilin aron yana cikin tarihi. Wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, wani likita Bagirke mai suna Herophilus yana binciken jikin mutum a birnin Iskandariya ta Masar, yana ba gaɓoɓi suna da harshensa. Bayansa aka yi Galen, wanda aka haifa a shekarar 129, shi ne malaman Larabci ke kira Jalinus. A ƙarni na 9 aka fassara littattafan Galen zuwa Larabci a Bagadaza, malaman ƙasashen Musulmi irin su Ibn Sina suka yi ƙari a kai. A ƙarni na 12 kuma aka juya littattafan Larabcin zuwa Latin a ƙasar Andalus, domin a zamanin nan Latin ne harshen ilmi a Turai, kamar yadda Larabci yake ga malamanmu na zaure. Ko a 1543, da Andreas Vesalius ya buga shahararren littafinsa na fasalin jikin mutum, da Latin ya rubuta shi.

Su kansu sunayen fannonin haka suke. "Anatomy" da Girkanci yankawa ne, ko mu ce fiɗa, domin ta hanyar feɗewa aka san abin da ke cikin jiki. "Botany" kuwa daga kalmar da ke nufin ciyawa ta fito.

KAYAN GIDA A JIKIN MUTUM

Bari mu fara da namu harshen. Bahaushe ya dubi gwiwarsa ya ga abu mai kama da ƙoƙo, sai ya ce ƙoƙon gwiwa. Ya ce allon kafaɗa, da gadon baya, da idon sawu, da dokin wuya. Ya lura da wurin da raɓa ke jiƙa mutum in ya ratsa ciyawa da sassafe, sai ya ce sha-raɓa. To, abin da Rumawa da Girkawa suka yi ke nan, ba ƙari ba ragi.

Ƙoƙon gwiwar nan shi ne littafinmu ke kira "patella". Ma'anar kalmar da Latin ita ce ɗan ƙaramin faranti. Ka ga Bahaushe da Barume ba su taɓa haɗuwa ba, amma idonsu ya ga abu ɗaya. "Pelvis", watau ƙashin ƙugu, daro ne na wanke hannu, saboda zurfinsa da faɗinsa. "Clavicle", ƙashin nan da ya taso daga gindin wuya zuwa kafaɗa, ɗan mabuɗi ne. A ƙwauri akwai ƙasusuwa biyu. Babban shi ne "tibia", watau sarewa, domin mutanen dā sukan yi abin busa da ƙashin ƙwaurin dabba. Siririn da ke gefensa shi ne "fibula", watau fil ɗin da Rumawa ke maƙale mayafinsu da shi.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne "muscle". Da Latin "mus" ɓera ne, "musculus" kuwa ɗan ɓera. Ka naɗe hannun rigarka, ka dunƙule hannu, ka lanƙwasa shi ka miƙe. Me ka gani yana gudu a ƙarƙashin fatar damtsenka? Saboda haka duk ƙaton da ke cika baki da ƙwanji a filin wasa, ya sani ɓeraye yake kiwo.

A cikin kunne kuwa maƙera guda ce sukutum. In sauti ya shiga, sai ya kaɗa wata 'yar fata mai suna "tympanum", watau ganga. Gangar nan ita ke motsa wasu ƙananan ƙasusuwa uku a jere: "malleus", guduma, "incus", uwar maƙera, da "stapes", likkafa. Duk wanda ya taɓa ganin sirdin doki, da ya ga hoton wannan ƙashi zai gane shi. Shi ne mafi ƙanƙanta a cikin ƙasusuwa 206 da ke jikin baligi, tsawonsa wajen milimita 3 ne kawai. Daga likkafa sauti ya wuce cikin "cochlea", watau katantanwa, saboda yadda ta nannaɗe. Wanda ya riƙe ganga, guduma, uwar maƙera, likkafa, katantanwa, ya riƙe hanyar da sauti ke bi ke nan, ba tare da ya sha wahala ba.

Ga kuma wata da ta shafe mu. Baƙin nan na tsakiyar ido sunansa "pupil", mu ma 'yan makaranta "pupil" ake ce mana. Shin me ya haɗa mu? Ka dubi idon abokinka da kyau, za ka hangi kanka a ciki ɗan mitsitsi. Rumawa suka kira wannan hoto "pupilla", watau 'yar ƙaramar yarinya ko 'yar tsana. Ƙaramin yaro da ke hannun mai riƙo kuwa suka ce masa "pupillus". Tushensu ɗaya ne. Larabawa ma "insanul aini" suke cewa, watau mutumin ido.

Ba duka ne kayan gida ba, wasu daga tatsuniyoyin Girkawa suka fito. Ƙashin farko na wuya, wanda kai ke zaune a kansa, sunansa "atlas", sunan wani ƙato da tatsuniyarsu ta ce shi ke ɗauke da sama a kafaɗa. Agara kuwa, jijiyar nan ta bayan dunduniya, an ba ta sunan Achilles, wani jarumi da suka ce ƙarfe ba ya cinsa ko'ina sai a dunduniya.

SAWUN LARABCI

Na faɗa a baya cewa ilmin nan ya ratso ta hannun malaman Larabci, kuma sawunsu yana nan har yau. Ƙwaƙwalwa tana lulluɓe da fatu uku. Ta waje, mai kauri, sunanta "dura mater", watau uwa mai tauri. Ta can ciki, marar kauri, sunanta "pia mater", watau uwa mai taushi. Me ya kawo uwa cikin ƙoƙon kai? Larabawa ne suka kira su "ummu", masu fassara zuwa Latin suka bi su kalma da kalma. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, tun da shi ma yana cewa uwar maƙera, da uwar ɗaki, da uwar garke.

Haka nan farkon ƙaramin hanji, wanda ke karɓar abinci daga tumbi, sunansa "duodenum", daga kalmar Latin mai nufin goma sha biyu. Mutanen dā sun auna shi suka ga tsawonsa faɗin yatsu 12 ne, watau wajen santimita 25. Su ma da jiki suke awo, kamar yadda iyayenmu ke awo da taƙi, da kamu, da gaba. Sunan ya taso daga Girkanci, ya bi ta Larabci, sa'an nan ya shiga Latin. Sashen da ke biye da shi kuwa "jejunum" ne, watau mai azumi, domin masu fiɗa sukan tarar da shi wayam, ba komai a ciki.

TAƁARYA DA GARI A CIKIN FURE

Yanzu sai mu leƙa gonar makaranta. Ka tsinko furen kuɓewa ka duba. Ganyayen nan masu launi, kowanne "petal" ne, daga kalmar Girkanci mai nufin ganye. In aka haɗa su duka sai a ce "corolla", watau ɗan ƙaramin kambi, kuma wannan kalmar ce aka sa wa motar nan ta Toyota. Ɓangaren namiji na fure sunansa "stamen", watau zaren da masaƙi ke miƙewa kafin ya fara jefa ƙoshiya. Ƙurar rawaya da ke kansa ita ce "pollen", watau gari mai laushi. Ɓangaren mace kuwa "pistil" ne, watau taɓarya, domin a furanni da yawa siffarta ke nan. A gindinta akwai "ovary", daga "ovum", ƙwai, can ne 'ya'ya ke ƙulluwa. Ka ga ke nan gari ne ke sauka a kan taɓarya, sa'an nan a sami kuɓewar miya.

Koren da ke cikin ganye sunansa "chlorophyll". A raba shi biyu: "chloros" kore ne, "phyllon" ganye. Koren ganye ke nan, ba wani abu ba. Wasu masana biyu 'yan Faransa, Pelletier da Caventou, su suka fara ware shi daga ganye a 1817. Aikinsa shi ne "photosynthesis": "photo" haske, "synthesis" harhaɗawa, watau harhaɗa abinci da taimakon hasken rana. A bayan ganye akwai ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani, ta nan iska ke shiga, ta nan kuma ruwa ke fita. Sunan kowace "stoma", watau baki. Kalmar "stomach" ma daga wannan tushe take.

A cikin kara akwai hanyoyi biyu da kullum ke rikita ɗalibai. "Xylem" daga kalmar itace ta fito, ita ke ɗauko ruwa daga saiwa zuwa sama ta cikin itacen. "Phloem" kuwa daga kalmar ɓawo, ita ke raba abincin da ganye ya haɗa, kuma a jikin bishiya tana can cikin ɓawo ne. Wannan shi ya sa in masu sassaƙen magani suka kwashe ɓawon maɗaci kewaye da gindinsa, sai bishiyar ta mutu, domin an yanke wa saiwa hanyar abinci.

In ka jiƙa wake ya kwana, ka ɓare shi, za ka ga ya rabu gida biyu. Kowane ɓari shi ne "cotyledon". "Di" biyu ne, "mono" ɗaya, shi ya sa wake da gyaɗa suke "dicotyledon", gero da dawa da masara kuwa "monocotyledon". A tsakanin ɓarin biyu akwai "radicle", 'yar saiwa, da "plumule", ɗan gashin tsuntsu, wanda shi ne zai zama kara da ganye.

Ita ma "cell", wadda ita ce farkon darasinmu, ɗan ɗaki ce. A 1665 wani Bature ɗan Ingila, Robert Hooke, ya yanki ɓawon itacen da ake toshe bakin kwalba da shi, ya duba a madubin nan mai ƙara girman abu, ya ga 'yan ɗakuna a jere kamar saƙar zuma. "Nucleus" da ke tsakiya kuwa ƙwaya ce, irin wadda ake samu in an fasa ƙwallo.

BISHIYOYINMU DA SUNANSU NA BOKO

Bishiya ɗaya, wani ya ce darbejiya, wani dogon yaro, wani maina, wani bedi, duk a cikin Hausa. To, ina ga an ƙetare zuwa wasu harsuna? Don maganin wannan ruɗani ne wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya tsara a littafinsa na 1753 cewa kowane tsiro ya sami suna biyu da Latin, na farko na dangi, na biyu nasa na kansa. Na farko da babban baƙi ake fara shi, na biyu da ƙarami.

Gyaɗa ita ce "Arachis hypogaea". "Hypo" ƙarƙashi ne, "gaea" ƙasa. Kowane manomi ya san gyaɗa a sama take fure, sa'an nan ta soka tsinke cikin ƙasa ta yi 'ya'ya. Kuka ita ce "Adansonia digitata". Sunan farko na Michel Adanson ne, wani Bafaranshe da ya isa Senegal a 1749 ya yi nazarinta. Na biyun daga "digitus" ne, yatsa, domin ganyen babbar kuka a warwatse yake kamar yatsun hannu. Ɗorawa ita ce "Parkia biglobosa", an sa mata sunan a 1826 don tunawa da Mungo Park, wanda ya rasu a kogin Kwara wajen Busa a 1806. Ita ma kaɗanya ta daɗe tana amsa sunan "Butyrospermum parkii", watau iri mai mai, kafin a tsayar mata da "Vitellaria paradoxa".

Kada wani ya ce sunayenmu na Hausa ba ilmi ba ne. Turawa suna da wani haki da suke kira "dandelion", daga Faransanci, ma'anarsa haƙorin zaki. Mu ma muna da haƙorin maciji, da nonon kurciya, da ƙaimin ƙadangare. Wani likita ɗan Sikotlan, J. M. Dalziel, ya ga darajar waɗannan sunaye, har ya tattara su ya buga littafi a 1916, yana haɗa kowane sunan Hausa da nasa na Latin. Da tsohuwar zuma ake magani.

'YAN MABUƊAI

Dogayen kalmomin nan kamar jirgin ƙasa suke, tarago-tarago ake haɗa su. Wanda ya san taragu ashirin zai iya karanta kalmomi ɗari. Ga kaɗan: "epi" a kan, "endo" ciki, "exo" waje, "peri" kewaye, "hypo" ƙasa, "hyper" fiye da kima, "an" babu. Sa'an nan "derm" fata, "cardi" zuciya, "hepat" hanta, "nephr" ƙoda, "gastr" tumbi, "enter" hanji, "haem" jini. In kalma ta ƙare da "itis", kumburi ake nufi.

To, gwada da kanka. "Epidermis" fatar sama ce. "Pericardium" jakar da ta kewaye zuciya. "Anaemia" ƙarancin jini. "Hepatitis" kumburin hanta. "Gastroenteritis", duk da tsawonsa, kumburin tumbi da hanji ne, mai sa amai da gudawa. Fatun nan uku na ƙwaƙwalwa da na ambata, a haɗe sunansu "meninges", saboda haka "meningitis" kumburinsu ne, watau sanƙarau da ke addabar mutane lokacin bazara. Wannan sani ba na jarrabawa kaɗai ba ne. Ɗalibin da ya raka mahaifiyarsa asibiti, in ya iya karanta abin da aka rubuta a kati, ya bayyana mata da Hausa, ya biya wani abu daga cikin wahalar da aka sha a kansa.

GARGAƊI

Sai dai akwai wurin yin hattara. Tushen kalma yana gaya mana abin da mutanen dā suka gani ne, ko suka zata, ba lalle ne ya zama gaskiya ba. "Artery" da Girkanci hanyar iska ce. Masu fiɗa na dā sun tarar da waɗannan jijiyoyi ba jini a jikin gawa, sai suka zaci iska ke bi ta ciki. Galen ya nuna jini ne, a 1628 kuma William Harvey ya bayyana yadda zuciya ke tura shi ya kewaye jiki, amma tsohon sunan ya zauna. "Malaria" da harshen Italiya mugunyar iska ce, domin an zaci tururin fadama ke kawo zazzaɓin, sai a 1897 Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro. Tsamiya kuwa "Tamarindus indica" ce, daga Larabci "tamar hindi", watau dabinon Indiya, alhali ita ba dabino ba ce, asalinta kuma nan Afirka ne. Saboda haka tushen kalma sanda ce ta dogarawa, amma ma'anar da za a rubuta a jarrabawa ita ce wadda malami da littafi suka bayar.

Shawarata ga 'yan'uwana ita ce, kowa ya ware shafi biyu a bayan littafinsa na Bayoloji. Duk sabuwar kalmar da aka ba mu, a duba tushenta a ƙamus, a rubuta shi da Hausa a gefenta. In ƙamus ya gagara a tambayi malam, matambayi ba ya ɓata. Ƙannenmu na ƙananan aji kuwa, kada tsawon suna ya hana su shiga ajin kimiyya. Ku kuma iyayenmu, in mun zo hutu ku riƙa nuna mana itatuwa da hakukuwa da sunayensu na Hausa da amfaninsu, domin abin da ke cikin kanku babu shi duka a littafi.

Nan zan dakata. Allah Ya buɗa mana basira, Ya ba mu ilmi mai amfani, amin.